Da safe garai, da hantsi kamar madara: muhawara kan ruwa da amin a sanyin Jos

Ɗalibar Gangare
Assalamu alaikum malamai da iyayen wannan zaure. Don Allah a taimaka min, abu ya ɗaure min kai tun ranar Litinin. Ina aikin kammala digiri a kan cakuɗar ruwa da sinadaran amin, wato dangin amoniya masu ɗauke da naitirojin. Na haɗa tataccen ruwa da wani amin mai suna tirayetilamin, kashi ɗaya cikin uku na nauyin amin ne, na toshe kwalbar na ajiye a ɗakin gwaji. Ƙarfe bakwai da rabi na safe in na girgiza ta, sai ta koma garai-garai, ba mai cewa abu biyu ne a ciki. Wajen sha ɗaya sai ta fara dishi-dishi, can ta yi fari kamar an ɗiga madara, kafin azahar ta rabu gida biyu kamar man gyaɗa a kan ruwa. Washegari da safe in na girgiza, ta sake haɗewa. Kwana uku ke nan. Sinadarin ne ya lalace ko ni ce na yi kuskure?

Malam na Farin Gada
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, fara da kwalbar. Fiye da shekara goma ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, mafi yawan abin mamakin da yara ke kawo min, in an bi diddigi, sauran sabulu ne ko maiƙo a jikin gilashi. Ruwa ba ya tsami banza. Ki wanke da kyau, ki ɗauraye da tataccen ruwa sau uku, ki sake haɗawa. Sannan ki duba ko ruwan naki tatacce ne da gaske.

Ɗalibar Gangare
Malam na yi haka jiya, har kwalba na canja. Duk ɗaya.

Baba Mai Ritaya
'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki. Nawa ma'aunin zafin ɗakin yake nunawa da safe, nawa kuma da hantsi?

Ɗalibar Gangare
Baba ban rubuta ba. Amma da safen nan sanyi har hannu ba ya son riƙe biro, da rana kuwa taga na fuskantar rana, har rigar sanyi nake cirewa.

Baba Mai Ritaya
To nan amsarki take. Shekara talatin na yi a ɗakin gwaji da ɗakin tukunyar tururi na wani kamfani, abin da na fara koya wa duk yaron da aka ba ni shi ne: kafin ka rubuta komai, rubuta zafin ɗaki. Sinadarinki lafiyarsa ƙalau. Tirayetilamin da ruwa suna haɗewa a kowane gwargwado muddin zafi bai wuce kimanin digiri 18 na ma'aunin Celsius ba. Da ya haura, sai su rabu. Hunturun Jos ne ke sauko miki da ɗakin ƙasa da 18 cikin dare, rana ta fito ta haura da shi. Amin ɗin ne a sama don ya fi ruwa rashin nauyi, kusan giram 0.73 a kowane mililita.

Malam na Farin Gada
Baba, da girmanka, amma wannan ya saɓa wa abin da muke koyarwa. Sukari a shayi mai zafi ya fi saurin narkewa kuma ya fi narkewa da yawa. Finol da ruwa ma sai an ɗumama su sun wuce digiri 66 suke haɗewa gaba ɗaya. Ta yaya zafi zai raba abin da sanyi ya haɗa?

Injiniya Gwarinpa
Malam, Baba ya yi daidai. Mu a nan Abuja ba za mu taɓa ganin wannan a kan tebur ba sai an sa ƙanƙara, kullum gida biyu za mu same su. Ita kuwa tana zaune a tudun da ya kai mita 1,200 sama da teku, Allah ya ba ta firij kyauta wata biyu a shekara.

Dakta a Bukuru
Barkanku. Na karanta daga sama. Tambayar Malam ita ce tambayar da ta dace, bari in ɗan tsawaita.

Abu biyu ke jan igiya a duk lokacin da aka haɗa ruwa da wani abu. Na farko zafin da haɗuwar ke fitarwa ko sha, shi ne entalfi. Na biyu entirofi. Josiah Willard Gibbs ɗan Amurka, a rubuce-rubucensa na tsakanin 1875 da 1878, ya ɗaure su a lissafi ɗaya: G = H − TS. H shi ne entalfi, S entirofi, G kuma sakamakon lissafin. Cakuɗa kan zauna a yanayin da G ɗinta ya fi ƙanƙanta. Ku lura T, wato zafi, yana manne ne da S. Duk lokacin da zafi ya ƙaru, muryar entirofi ce ke ƙara ƙarfi.

To ga ƙwayar tirayetilamin. A tsakiya akwai naitirojin mai ɗauke da ilektaron biyu da ba su shiga kowane ɗauri ba. Haidirojin ɗin ruwa yana kama su, a sami ƙullin haidirojin, wannan kamun kuwa zafi yake fitarwa. Shi ya sa in kika haɗa su za ki ji kwalbar ta ɗan yi ɗumi a tafin hannu. Amma naitirojin ɗin nan yana kewaye da hannaye uku na etil, su kuwa jinin mai ne, ba sa shiri da ruwa. Ruwan da ke kusa da su dole ya takura, ya jeru ta wasu 'yan hanyoyi kaɗan don kada ya rasa ƙullinsa da 'yan uwansa.

Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne zuwan surukai gida. Ana murna da zuwansu da gaske, an yi girki, an shimfiɗa tabarma, amma kowa a takure yake, ba mai miƙe ƙafa, ba mai ɗaga murya. Da sanyi, kowa ya gamsu da zama wuri ɗaya, daɗin zumuncin ya rinjayi takurar. Da zafi ya taso, takurar sai ta fi zumuncin nauyi, kowa ya nemi sararinsa. Ga ruwa da tirayetilamin, wurin da ma'aunin ke juyawa shi ne wajen digiri 18, kuma cakuɗar da ta fi saurin rabuwa ita ce mai kusan kashi 32 cikin 100 na amin bisa nauyi. 'Yata, ba tare da kin sani ba kin haɗa kusan daidai wannan gwargwadon.

Malam na Farin Gada
Dakta na gode. Amma ni a aji entirofi hargitsi nake ce masa. In hargitsi ne, haɗa abu biyu ai ƙara hargitsi yake. Ta ina rabuwa za ta fi haɗuwa hargitsi?

Dakta a Bukuru
Malam, kalmar nan ce ta kai ka ga wannan tambayar, shi ya sa ban son ta. Ni na fi son mu ce yawan hanyoyin zama, wato hanyoyi nawa ƙwayoyin za su iya jeruwa da motsawa. Gaskiya ne cuɗanya kanta tana ƙara hanyoyin zama. Amma ruwan da ya kewaye etil ya yi asarar nasa hanyoyin, kuma asarar tana cinye kaso mai yawa na ribar. Yaro in ka ce masa hargitsi, ido kawai zai yi amfani da shi, ya ga kwalba ɗaya garai ya yanke hukunci. In ka ce masa ƙirga hanyoyi, dole ya tambayi me kowace ƙwaya ke iya yi.

Malam na Farin Gada
Ban sauka gaba ɗaya ba, Dakta. Ɗan aji huɗu na sakandare hargitsi yake kamawa nan take. Yawan hanyoyin zama sai na yi rabin darasi ina fassara. A jami'a ku gyara musu.

Dakta a Bukuru
Gyaran abin da ya riga ya zauna a kai ya fi dasa sabo wuya, amma na san ajinka ya fi nawa cika. Mu bar wannan a buɗe.

Ɗan Kubwa
Ina da gyara ɗan kaɗan, a yi min afuwa. Ana magana kamar G na haɗuwa yana komawa sama da sifili ne sai su rabu. Ba haka ba ne. Ko sama da digiri 18, cakuɗa ta fi ruwa zalla da amin zalla ƙarancin G. Abin da ke faruwa shi ne cakuɗa biyu masu gwargwado daban sun fi cakuɗa ɗaya ƙarancin G in an tara. Shi ya sa na saman ba amin zalla ba ne, akwai ruwa a ciki sosai, na ƙasan ma akwai amin. Kuma duk ƙaruwar zafi suna ƙara nisa da juna.

Dakta a Bukuru
Madalla, wannan gyara ne mai kyau kuma na karɓa. Wanda zai zana taswirar rabuwar dole ya riƙe wannan.

Baba Mai Ritaya
Tun da an zo nan, nikotin ɗin taba ma amin ne, nasa ya fi ban mamaki. Ƙasa da digiri 61 yana haɗewa da ruwa, tsakanin 61 da 210 su rabu, sama da 210 a cikin rufaffen bututu su sake haɗewa. Zane ya zama kamar zobe.

Ɗan Kubwa
Yanzu ga tawa tambayar, kuma ba raini ba ne ga aikin 'yar uwa. Duk waɗannan alƙaluma an auna su tun kafin a haifi iyayenmu. Ina buɗe manhaja a kwamfuta, in zaɓi tsarin lissafin cakuɗa na NRTL da Renon da Prausnitz suka fitar a 1968, minti biyu ta zana min taswirar. Me ya sa ɗaliba za ta ƙare wata shida tana shaƙar wari don ta sake gano 18? Ƙasar da ke fama da wutar lantarki da tsadar taki, wannan ne abin da ya kamata mu sa wa yara?

Injiniya Gwarinpa
Ƙanena, ka taɓo inda nake ci, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Takin da ka ambata, ana amfani da ruwan amin wajen yin sa a masana'antu da dama a duniya. Kamfanin da ke yin amoniya daga iskar gas dole ya ware iskar CO2, wato kabon dayoksaid, daga haidirojin kafin a ci gaba, sannan a mayar da CO2 ɗin a haɗa da amoniya a sami yuriya. Haka ake yi a manyan masana'antun yuriya irin na Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, da na Indorama da ke Eleme. A Bonny kuma, inda kamfanin NLNG ke fitar da gas tun 1999, ana sanyaya gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifili. In ka bar CO2 a ciki zai daskare ya toshe bututu, saboda haka sai an rage shi zuwa ƙasa da kashi 50 cikin miliyan. Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen wannan aiki ita ce wanke gas da ruwan amin, dabarar da wani Ba'amurke, R. R. Bottoms, ya yi wa rajista tun 1930.

Yadda take: hasumiya biyu. A ta farko, gas na hawa, ruwan amin na sauka a wajen digiri 40, ya kama CO2. A ta biyu a dafa ruwan zuwa wajen digiri 120, ya saki CO2, a sanyaya shi a mayar. Abin da Dakta ya faɗa ne dai: da sanyi a kama, da zafi a saki.

Yanzu mu yi lissafi da MEA, wato monoyetanolamin, kashi 30 cikin 100 a ruwa. Kilo ɗaya na ruwan yana da giram 300 na amin, kusan mol 4.9 (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyi). A ce kowane zagaye mol ɗaya na amin yana kwaso rubu'in mol na CO2 ya sauke. Ka ga kilo ɗaya ya kwaso kusan giram 54 ke nan. Kafin ka ware tan ɗaya na CO2 sai ka zagaya da ruwa fiye da tan 18, kana ɗumama shi kana sanyaya shi. Raba CO2 da MEA kaɗai yana cin kusan kilojul 85 a kowane mol, wato kusan gigajul 1.9 a tan. In ka haɗa da ɗumama ruwan da kuma tururin da ke tashi tare da CO2, jimillar takan kusanci gigajul 4. Duk wannan man fetur ne ko gas da ake ƙonawa.

Shi ya sa aka koma wa wani amin ɗin, MDEA, wato metildayetanolamin, a wurare da dama. Naitirojin ɗinsa ba shi da haidirojin, kamar na tirayetilamin ɗin 'yar uwarmu, don haka ba ya ƙulla CO2 kai tsaye, ta hanyar ruwa yake kama shi ya zama bayikabonet. Zafin kamun bai kai na MEA ba, kuma mol ɗaya na iya ɗaukar har kusan mol ɗaya na CO2, alhali MEA a wajen rabi yake tsayawa. Aibinsa nawa ce, sai a ɗan zuba masa wani amin mai suna fiferazin ya zaburar da shi. A filin Sleipner na Norwe da MDEA suke ware CO2 daga gas tun 1996, a shekarun baya sun riƙa tura kusan tan miliyan ɗaya a shekara ƙarƙashin teku.

To manhajarka, daga ina ta samo lambobin da take cusawa a NRTL? Daga hannun mutum irin wannan yarinyar, wanda ya zauna ya auna zafin haɗuwa, ya auna nauyin cakuɗa, ya auna matsin tururi. Inda ba a auna ba, manhajar ƙiyasi take yi, kuma ba za ta faɗa maka ƙiyasi ba ne, zane mai kyau za ta ba ka.

Ɗan Kubwa
Yaya, na yarda da MEA da MDEA. Amma su ma an gama auna su a Turai da Amurka.

Injiniya Gwarinpa
An auna masu tsabta. Wanda ke zagaye a masana'anta bayan wata shida ba shi ne na littafi ba. Ya tara gishirin da zafi ba ya rabawa, ya kwaso tsatsa, mai ya ɗiga a ciki. Na taɓa kwana biyu ba barci a wani wurin aiki da ba zan kira suna ba, hasumiya na kumfa kamar an zuba omo, amin na bin gas yana fita. Manhaja ta ce komai daidai. Wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya ɗebo ruwan a kwalba, ya girgiza, ya ƙirga daƙiƙun da kumfar ta yi kafin ta kwanta, ya auna nauyinsa, ya ce mai ya shigo kuma ruwan ya ragu a cakuɗar. Haka abin ya kasance. Bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano ta gefen Abuja zai bi. In gas ya iso Arewa aka fara kafa masana'antu, su wa za su tsaya a waɗannan ɗakunan gwajin? Ni ina son su zama yaranmu da hannunsu ya saba da awo.

Ɗan Kubwa
Wannan na ji. Amma har yanzu ina ganin a haɗa mata da manhajar, kada ta fito ta iya ɗaya kawai.

Dakta a Bukuru
A nan ba mu da saɓani. Ta auna, sannan ta gwada tsarin a kan awonta ta ga inda ya kauce. Kuma rabuwar nan da zafi ba abin kallo kawai ba ce. A 2019 masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka sun nuna yadda dayisofurofilamin ke zuƙe ruwa daga ruwan da gishiri ya yi wa katutu in da sanyi, ya bar gishirin a baya, sannan in an ɗan ɗumama shi ya amayar da ruwan. Ba tafasawa, ba matatar leda. Ɗumin da ake buƙata irin wanda rana za ta iya bayarwa ne.

Hajiya Mai Abinci
Ni ba 'yar kimiyya ba ce, ɗana ne ya sa ni a zauren nan. Amin ɗin da kuke ta faɗa, yana da alaƙa da ƙarnin kifi? Na ji ya taɓa cewa haka.

Baba Mai Ritaya
Ƙwarai Hajiya. Kifin teku in ya fara kwana yana fitar da tirayimetilamin, ƙanin wanda ke kwalbar yarinyar nan. Shi a digiri 3 yake tafasa, don haka iska ne a ɗakin girkinki. Da kin matsa lemon tsami, tsamin ya kama naitirojin ɗin ya mai da shi gishiri, gishiri kuwa a ruwa yake zama, ba ya tashi ya iso hanci. Kakarsu duka ita ce amoniya, wadda ke aiki da ruwa a cikin firij mai kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin ƙauye: ruwa ya sha ta da sanyi, harshen wuta ya kore ta.

Hajiya Mai Abinci
Ikon Allah. Na gode Baba.

Baba Mai Ritaya
'Yata, saura kashedi. Tirayetilamin yana kama wuta ko da sanyi, kada wani ya kunna risho ko hita kusa da ke don jin ɗumi. Tururinsa yana taɓa ido, mutum ya riƙa ganin hazo mai shuɗi da zobe kewaye da fitila. Ki yi aiki a akwatin zuƙe hayaƙi, ki sa tabarau da safar hannu. In kuma za ki taɓa sauran amin ɗin a wannan watan, MEA zalla yana daskarewa a wajen digiri 10, DEA kuwa, wato dayetanolamin, sai 28 yake narkewa, kada ki gan shi kamar kitse a kwalba ki ce ya lalace.

Dakta a Bukuru
Ga abin da zan so ki yi gobe. Ki samu babban kofin gilashi, ruwa da ƙanƙara, ki sauko da shi zuwa digiri 12. Ki tsoma rufaffiyar kwalbar gwajin, ki riƙa ƙara ruwan ɗumi cokali-cokali kina motsawa, kada ya wuce rabin digiri a minti. Ki rubuta inda dishi-dishin ya fara, sannan ki sanyaya ki rubuta inda ya washe. Sau uku. Ki auna da nauyi, ba da mililita ba, domin amin da ruwa in sun haɗu tsukewa suke, jimillar ba ta kai abin da kika zuba ba. Sannan ki ba ma'aunin zafinki gwaji a ƙanƙara mai narkewa ki ga ko sifili yake nunawa. Kada ki gwada shi da tafasasshen ruwa kina jiran 100, a Jos wajen 96 ruwa ke tafasa.

Ɗalibar Gangare
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Ɗakin da safe 14 ne, ƙarfe ɗaya 25. Ma'aunina a ƙanƙara rabin digiri yake nunawa sama da sifili, na cire wannan daga kowane awo. Sau ukun duka dishi-dishin ya fara ne da ɗan haura 18, kuma daf da farawar na ga wani shuɗi-shuɗi a kwalbar in haske ya bi ta gefe. Na kuma haɗa sabuwa a digiri 16, nan take ta yi fari, sai da ta huce ta washe, ina jin ɗumin haɗuwar ne ya tsallakar da ita. Sai na yi karambani na jefa ɗan gishirin girki a wata kwalbar, ita tun ba a kai 18 ba ta rabu. Malam, gaskiyarka ta fito ta wani gefen: abin da ke cikin ruwan yana motsa lambar.

Malam na Farin Gada
Alhamdu lillahi. Don Allah ki ɗauko min hoton bidiyo daga garai zuwa fari, da ma'aunin zafin a gefe. Ina so in nuna wa 'yan ajina ranar Litinin.

Dakta a Bukuru
Gishirin ya janye ruwan zuwa kansa, amin ya rasa mai riƙe shi. Ki auna gishirin a sikeli wannan karon, giram nawa ke sauko da lambar digiri nawa. Sannan ki haɗa kashi 10, 20, 50 da 70 na amin, kowace ki nemo mata inda take rabuwa, ki tura wa Ɗan Kubwa.

Ɗan Kubwa
Ki turo, zan ɗora su a kan zanen manhajar mu ga tazarar. Ki haɗa da zafin ɗakin na kowace rana.